Ina Sufetonmu? Zare a kan littafin binciken 'yan sanda da muka ƙi rubutawa

1/
Jama'a, yau da marubutanmu na tashi, da mu masu karatu kuma. Zaren da tsawo, wanda zai ji haushi ya sha ruwa tukuna. Tambayata ɗaya ce: me ya sa har yau babu jerin littattafan Hausa na binciken 'yan sanda, ofis ɗaya, jami'ai ɗaya, littafi bayan littafi? 🧵

2/
Kafin a fara jero min sunaye: ba littafin da aka yi harbe-harbe a ciki nake nufi ba, ko wanda jarumi ya doke ƙarti goma. Ina nufin wanda za a yi laifi a shafin farko, a buɗe fayil, a bi sawu, a tambayi shaidu, a yi kuskure a gyara, har a tsaya gaban alƙali. Baɗi kuma a dawo da mutanen nan da wani kes ɗin.

3/
In akwai mai irin wannan da ya kai littafi goma, ku sako sunansa a ƙasa, ni zan saya in raba a Tasha. Amma bari in fara faɗa muku abin da ya sa maganar ta tsaya min a wuya, don ba son karatu kaɗai ne ya kawo ta ba.

4/
Ni ɗan Gagarawa Tasha ne. Shekarun baya, a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, aka wayi gari ɗaya daga cikin shanun huɗar baffana babu shi a turke. Wanda ya san ƙauye ya san nauyin wannan. Sa guda a gidan manomi shi ne tarakta, shi ne banki, shi ne kayan ɗakin 'yarsa.

5/
Kafin hantsi an gama yanke hukunci. Akwai wani yaro baƙo da ya zo ƙwadagon yankan riɗi, yana kwana a wani zaure. Wani ya ce an gan shi da dare wajen turken. Wa ya gan shi? "An ce." Ƙarfe nawa? "Da dare dai." Shi ke nan, aka yi masa caa.

6/
Ina wurin. Ban doke shi ba, amma na ɗaga murya tare da masu ɗagawa, kuma da na ga sanda ta sauka ban ce a bari ba. Ina faɗa ne don kada wani ya ɗauka daga kan buzun malanta nake magana.

7/
Akwai wani dattijo mai bin sawu da ya tsuguna a bakin turken, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce igiyar kwance ta aka yi, kuma kwancewar wanda ya san ƙullin gidan. Ya ce san bai turje ba, a natse ya bi mutumin da ya saba da shi. Ya ce sawun takalmin ma ya fi ƙafar yaron nan girma.

8/
Ba wanda ya saurare shi. Wani ma cewa ya yi tsoho ya fara ruɗewa. Aka ja yaro aka kai wani ofishi, ya kwana uku a tsare, aka dawo aka ce mana "ya amsa". Da aka tambaye shi ina san, ya faɗi wuri uku daban-daban, duk aka je ba komai. Mai jin zafi, ko watan sama ka ce ya sace zai ce e.

9/
Bayan kusan mako biyu wani dillali ya aiko wa baffa cewa ya gane san ta shaidar kunnensa, kuma ya san wanda ya kai shi kara. Ɗan gidan ne. Bashin caca ta waya ya ci shi. Aka binne maganar a cikin gida don rufin asiri. Yaron kuwa ya tafi da yatsu biyu a karye, ko kuɗin ƙwadagonsa bai tsaya karɓa ba.

10/
Na daɗe ina tambayar kaina: mu wajen talatin a wurin, har da 'yan sakandare da masu NCE, me ya sa ba wanda ya yi tambayoyin da duk yaron da ya karanta littafin bincike zai yi? Wa ya gani da idonsa? Wa ya san ƙullin? Wa ake bi bashi a gidan? Wa ya kwana ba a ɗakinsa ba?

11/
Amsar da na samu ita ce ba mu taɓa ganin yadda ake yi ba. A littafi ba mu gani ba, a fim ba mu gani ba. Abin da muka sha gani shi ne a kama, a daka, a amsa. Shi muka haddace, shi muka biya ranar.

12/
To ga yadda wasu suka yi. Akwai wani Ba'amurke, Evan Hunter, da ke rubutu da sunan Ed McBain. A 1956 ya fitar da Cop Hater, na farko a jerin da ake kira 87th Precinct, wato ofishin 'yan sanda na shiyya ta 87. Na ƙarshe, Fiddlers, ya fito a 2005, shekarar da ya rasu. Littafi sama da 50 a ofis ɗaya.

13/
Ku lissafa, kusan shekara 50 ke nan. Wanda ya fara karantawa yana saurayi ya gama yana da jikoki. Wurin ƙirƙirarre ne, ya sa masa suna Isola, amma kowa ya san New York ake nufi. Suna kawai ya canja, aikin 'yan sandan ya bar shi yadda yake a zahiri.

14/
Dabarar McBain ita ce ofishin gaba ɗaya ne jarumin. Akwai Steve Carella da aka fi sani, amma ga abokan aikinsa: mai haƙuri, mai gaggawa, sabon shiga, har da mai mugun hali da son zuciya. Kes biyu ko uku na iya tafiya lokaci guda, kamar dai ofis na gaske.

15/
Kuma ba ya gudun abin da marubutanmu ke ganin zai gundiri mai karatu. Ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida. Jiran rahoton likita. Shaidar da ya canja magana. Har hoton takardun aiki yakan sa a cikin littafin, fom da rahoto, ka gani da idonka. A nan daɗin yake, don kai ma kana lissafi tare da su.

16/
Ga misali da zai taɓa kowane ɗan Arewa. A King's Ransom na 1959, masu garkuwa sun zo ɗaukar ɗan wani attajiri mai harkar takalma, suka yi kuskure suka ɗauki ɗan direbansa. Suka ce duk da haka sai ya biya. Zai karya dukiyarsa saboda ɗan direba, ko kuwa?

17/
Akira Kurosawa na Japan ya ɗauki labarin ya yi fim da shi a 1963, High and Low, ya kuwa zauna daram. Mu da garkuwa da mutane ta zama labaran safe da yamma, wa ya rubuta mana wannan tambayar da Hausa, tare da jami'in da zai bi lambar waya da kuɗin fansa mataki-mataki?

18/
Ba Amurka kaɗai ba. Georges Simenon ɗan Beljiyam ya rubuta littafi 75 a kan Kwamishina Maigret na Paris, daga 1931 zuwa 1972. Maigret ba mai guje-guje ba ne. Zama yake cikin mutane yana saurare har ya gane abin da ya kai mutum ga laifi. Wanda ya taɓa zama gaban dagaci mai haƙuri ya san irin wannan bincike.

19/
Za ku ce Turawa ne, suna da kayan aiki. To mu dawo kusa. Moussa Konaté ɗan Mali, wanda ya rasu a 2013, ya yi jerin Kwamishina Habib da mataimakinsa Sosso. Daga unguwar Banconi a Bamako, zuwa ƙasar Dogon, zuwa masuntan Bozo a kogin Neja, har Tumbuktu.

20/
Matsalar Habib irin tamu ce sak: ga dokar gwamnati a takarda, ga dattawan gari da tasu dokar, ga mutanen da ba sa buɗe baki gaban mai kaki. Konaté bai ɓoye wannan ba, shi ma ya mayar jigon labarin. Sai dai da Faransanci ya rubuta.

21/
Wanda ya fi min ciwo shi ne na Yarbawa, don da harshensu suka yi. Oladejo Okediji ya fitar da Aja Lo Leru a 1969, da Lapade, tsohon ɗan sanda, ya kuma dawo da shi a wani littafin. Kola Akinlade ya yi jerin mai bincike Akin Olusina, har aka mayar da Owo Eje fim. 'Yan sanda ɗaya fa muke da su da Yarbawa. To ina uzurin?

22/
Kada a ce ban san namu ba. Tun gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi da dabarunsu. Ku lura, tun ranar farko bayan ɓarawo alƙalaminmu ya bi, ya bar mai neman sa a baya.

23/
A 1982 aka samu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda duk wanda ya karanta bai manta tashin hankalin cikinsa ba. Littattafai ne masu nauyi. Amma kowanne shi kaɗai ya tsaya, ba a ɗora gini a kansa ba.

24/
Zamanin adabin kasuwar Kano ma an yi masu riƙe numfashin mai karatu, irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih. Yayyenmu kuma sun cinye James Hadley Chase da Pacesetters a makarantun kwana. Wato masu karatu akwai, gwaninta akwai. Ofishin nan guda da za a zauna a cikinsa shekara 20 ne ba a buɗe ba.

25/
Yanzu ku duba abin da ke yawo a WhatsApp da Wattpad. Ɗan sanda na nan birjik: ASP kyakkyawa, dogo, mai kwantaccen saje, mai tsadadden turare, ɗan gidan tsohon minista, ba ya dariya. Ka karanta har ƙarshe ba ka ga ya rubuta bayanin shaida ko ɗaya ba. Kakin ado ne kawai, kamar agogon hannunsa.

26/
Ba soyayya nake yaƙa ba, ni ma ina karantawa a ɓoye 😅 Kuma matan da suka riƙe rubutun Hausa tun daga su Balaraba Ramat Yakubu sun yi abin da maza da yawa suka kasa. Amma 'yar uwa, in kin ba jaruminki kaki, ki ba shi aiki mana. Ko fayil ɗaya ya buɗe tsakanin kiran waya da kiran waya.

27/
Na fim kuwa ya fi muni. An kawo wanda ake zargi, an ɗaure a kujera, ɗaki da duhu, mari uku, ruwa a fuska, "Zan faɗa! Zan faɗa!" Sai kiɗa ya tashi, wai an gano gaskiya. Yaro ya taso yana kallon wannan sau ba adadi. Ranar da aka ce "ɓarawo!" a kasuwa, me kuke zaton zai yi?

28/
Na san amsar farko da za a ba ni: "Wa zai yarda da labarin ɗan sanda mai gaskiya a Najeriya? Ai sai a yi dariya." Na ji. Na ga Oktoban 2020 da zanga-zangar EndSARS. Na san me "kawo na mai" ke nufi. Na san allon da ke cewa beli kyauta ne, na san abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa.

29/
Amma wa ya ce sai ka rubuta waliyyi? Rubuta Sufeto da ke sayen takarda da biro daga aljihunsa, motar ofis ba mai, oga na kira daga sama a saki ɗan wane, abokin aikinsa na karɓa yana gani, matarsa na jiran kuɗin cefane. Ga kes a gabansa. Zai bi, ko zai kau da kai? In wannan ba labari ba ne, mene ne labari?

30/
Amsa ta biyu: "Ai wanke 'yan sanda za a yi." Ku je ku duba Maj Sjöwall da Per Wahlöö na Suwidin. Littafi 10 a kan Martin Beck, 1965 zuwa 1975, da gangan suka tsara su don tona asirin ƙasarsu da 'yan sandanta. Sai ka san yadda aiki ya kamata ya tafi sannan za ka iya nuna inda aka ci amana.

31/
Amsa ta uku: "Za a koya wa yara sata." Haba jama'a. Masu ƙwacen waya wane littafi suka karanta? Ɓarayin shanu wane marubuci suka jira? Ɓarawo ya riga ya san aikinsa. Mai kaya da maƙwabcinsa da ɗan sintiri su ne ba su san nasu ba.

32/
Amsa ta huɗu, wadda ta fi ba ni haushi: "Bincike al'adar Bature ce." Kai! Ka manta ƙissar Annabi Yusuf (AS)? Da magana ta zama wannan ya ce wancan ta ce, rigar aka duba: ta gaba ta yage ko ta baya? Hujjar da ido ke gani ta rinjayi maganar mai ƙarfi. Tun muna makarantar allo muke jin wannan.

33/
Kuma duk ɗalibin fiƙihu ya san kawo hujja nauyin mai ƙara ne. Hausa ma ta ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ranar da muka taru a kan yaron nan, Bature ba ya wurin. Tamu tarbiyyar muka taka.

34/
Bari in nuna muku arzikin labarin da muke zaune a kai, a ƙananan hukumomi huɗun masarautar Gumel kaɗai: Gumel, Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar. Marubucin da ya zauna nan wata shida da littafin rubutu ya samu aikin shekara 20.

35/
Kasuwar dabbobi ta Maigatari, ranar Alhamis. Shanu, raƙuma, tumaki, dawaki, daga Nijar da bayanta, tireloli na lodi zuwa Kudu. Miliyoyi na sauya hannu da musafaha da kalmar dillali. Sa ɗaya ya ɓace a cikin dubbai, ta ina za ka fara? Shaidar kunne, fatoma, mai rasit, direba, ɗan kamasho. Littafi na ɗaya ke nan.

36/
Sai iyaka. An rufe ta a Agustan 2019, Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disambar 2020. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris 2024. Duk rufewa tana haifar da hanyoyin daji, da sababbin masu kuɗi, da sababbin rigingimu. Littafi na biyu da na uku.

37/
Wanda ake nema ya ɗan taka kaɗan ya faɗa jihar Damagaram. Jandarman can da Faransanci yake rubutu, amma watakila kakarsu ɗaya da Sufeton da ke bin sawun. Yaya za su yi aiki tare? Ta takardar da sai ta bi Abuja da Yamai, ko ta waya da gaisuwar zumunci? McBain bai samu irin wannan garaɓasa ba.

38/
Ga riɗi da zoɓo da ake tarawa a sito ana jiran farashi, sai a wayi gari sito ya ƙone: gobara ce, ko an kwashe an cinna? Ga rigimar gona tsakanin magada, da ta manomi da makiyayi lokacin kaka, da ta filayen da ake karɓa don manyan ayyuka. Ga tsohuwar tashar jirgin Kano zuwa Nguru da ta ba garinmu suna.

39/
Sannan ga tsarin iko da babu irinsa a littafin Bature. Kafin magana ta kai ofis ta bi ta mai unguwa, dagaci, hakimi. Ga 'yan sintiri, ga Hisba, ga kotun majistare, ga kotun shari'a. Sufeton da bai iya rusunawa ya gaida dagaci ba, ba mai faɗa masa ko sunan unguwa.

40/
Mai son tarihi ma ga nasa. Kafin gwamnatin soja ta haɗe su cikin 'yan sandan tarayya bayan 1966, En'e na da 'yan dokarta, sarki na da dogarai. Ka yi tunanin jerin labaran wani ɗan doka a Gumel ta shekarun 1950, zamanin gyaɗa da jirgin ƙasa da haraji da jangali. Wa zai iya ajiye wannan littafin?

41/
Kuma a ba Sufeton nan abokan aiki na gaske. Saja mace da ita kaɗai ke iya shiga cikin gida ta ji ta bakin matan kulle, ita ke kawo rabin hujja amma sunan oga ke fita. Kurtu ɗan Kudu da ke koyon Hausa. Da dattijo mai bin sawu, wanda a littafi dai za a saurare shi.

42/
Ga ribar da ba a lissafawa: mai karatu na bin labari, doka na shiga kansa bai sani ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Mutum nawa a majalisarku suka san wannan?

43/
Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, wato a ɗauke uba don ɗa ya gudu. Ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Ta ce mace na iya tsaya wa mutum beli. Dokar 2017 ta mayar da azabtarwa laifi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake jaddada da yawa daga ciki.

44/
Ka kira taron wayar da kai ka karanto waɗannan sassa, rabin zauren na danna waya. Amma ka sa uwar da aka kulle a madadin ɗanta a babi na 7, Saja ta miƙe ta ce wa oga doka ta hana, mai karatu ba zai manta ba. Ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofar gidansu kuma zai tuna.

45/
Abin ba wasa ba ne fa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Ku tambayi kanku nawa ne a cikinsu ke zaune a kan fayil da ba a kammala ba, ko kan "ya amsa" irin ta yaronmu.

46/
A Maris 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, mafarauta masu komawa gida salla, bisa zargin da ba wanda ya tsaya bincikawa. Duk mun yi kuka a dandalin nan, kuma da gaskiyarmu. Amma "an ce" ne ya kashe su, kuma "an ce" ɗin nan muna da shi a gida.

47/
Ban ce littafi zai gyara 'yan sanda ba. Albashi, horo, kayan aiki da hukunta ɓata-garin cikinsu ke yin wannan. Abin da littafi ke iyawa shi ne ya sa mutum ɗaya cikin talatin ya ce "dakata, wa ya gani?" Ranar nan mutum ɗaya muka rasa da zai tsaya bayan dattijon.

48/
To marubuta, ga aiki. Ku je kotun majistare ku zauna, shiga kyauta ce. Ku nemi ɗan sandan da ya yi ritaya ku saya masa shayi, zai ba ku labari har ku gaji. Ku tambayi lauya, ku tambayi ma'aikacin asibiti, ku tambayi dillali. Ku ƙirƙiri gari ku raɗa masa suna kamar yadda McBain ya yi, kowa ya huta da "da ni kake".

49/
Kuma don Allah a yi wa mai karatu adalci. Kada aljani ya warware kes, kada mafarki ya nuna ɓarawo, kada mai laifi ya tuba haka kawai a shafin ƙarshe don marubuci ya gaji. Duk abin da Sufeto ya gani mu ma mu gani. In ya riga mu ganewa, ya zama don ya fi mu lura.

50/
Mu kuma masu karatu, laifinmu ya fi. McBain ya kai na 50 ne don an sayi na 49. Mu kuwa marubuciya ta sa wa littafi naira 500 ko 1,000, kafin magariba wani ya watsa shi a guruf goma yana "a tura wa 'yan uwa". Sata ce wannan. Wa zai yi wata shida yana bincike don a kwashe masa cikin minti biyu?

51/
Masu fim mai dogon zango, ku ma kun ji. Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina sun nuna Bahaushe zai bi labari shekara da shekaru. Ku gwada mana ofis ɗaya, kes ɗaya duk mako biyu, ba mari ko ɗaya.

52/
Yaron nan ban sake ganin sa ba. Na je garin da ya ce shi ne nasu, ban same shi ba. Baffa ya rasu yana cewa a nemo shi a roƙi gafararsa. Ɗan uwa, in zaren nan ya kai gare ka, ka yafe mana. Ina cikin masu ihun.

53/
Na fara babi na farko, sa ne ya ɓace daren Laraba. Hannuna bai faɗa ba tukuna, kuma zan fi murna in wanda ya fi ni ya riga ni. Wanda ya san tsohon ɗan sanda ko mai bin sawu a yankin Gumel da zai yarda a zauna da shi, ya same ni ta bayan fage. Sauran kuma ga fili nan, ku musa.